Rigar da Ba a Tuɓe Ta a Rana Ɗaya

Laccar da aka gabatar gaban taron 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu a Tamale



Ranka ya daɗe Sarki, malamanmu, magajiyoyin kasuwa, iyayena maza da mata, yayye da ƙanne, barkanku da zuwa. Na san a cikinku akwai wanda ya bar yaro a rumfa a Aboabo ya taho, akwai wadda ta kashe injin niƙa a Lamashegu tun kafin la'asar. Allah ya mayar muku da alherin abin da kuka baro.

An ce in yi magana a kan haraji. Haraji kogi ne, ba a ƙetare shi sai an zaɓi mashigi. Mashigin da na zaɓa shi ne tambayar da aka fi yi mini sallama da ita a shekarun da na yi ina riƙe wa mutane littafin ciniki a garin nan. Mutum zai shigo, a gaisa, a tambayi iyali, sannan ya sassauta murya ya ce: "Malam, rajistar nan da na yi ta fi ƙarfina. Yaya zan yi in koma yadda nake a da?" Kullum bayan an sa hannu ake kawo wannan tambaya. Yau ina so mu yi ta tun alƙalami yana aljihu.

Bari in fara da wata uwa tawa, mai man kaɗanya. Ba zan kira sunanta ba, ta kuma yarje mini in ba da labarin. Ta yi shekaru tana sayen ƙwara daga ƙauyukan Savelugu da Tolon, mata suna yi mata aiki a tsakar gida: a soya, a kai niƙa, a zauna a kan kujera 'yar tsuguno ana bugun ƙullin da hannu har man ya taso fari a saman ruwa. Wata shekara wani mai saye daga Akara ya ɗanɗana manta ya yaba, ya ce zai riƙa ɗauka da yawa, amma su ba sa zuba kuɗi a asusun mutum, sai a asusun kamfani. Ta zo wurina da murnarta. Ni na cika mata fom. Dokar kamfanoni, tsohuwar da sabuwar, tana son darakta biyu, sai ta sa babban ɗanta. Aka nemo sakatare, aka nemo odita. Ranar da satifiket ya fito ta yi sadakar masa a ƙofar gida.

Kaka biyu mutumin ya ɗauki kaya. A ta uku ya daina ɗaga waya. Hajiya ba ta tsaya kuka ba, ta koma sayar da manta a ƙwarya da bokiti yadda ta saba. Satifiket kuwa ta naɗe shi a leda ta sa a ƙasan akwatin zannuwanta. Bayan shekara huɗu wata ƙungiya ta zo da tallafin injin niƙa, sharaɗinsu a kawo takardar shaidar cewa hukumar haraji ba ta bin mutum komai. Ta aiko aka kira ni. Ta buɗe akwatin a gabana, ta ɗaga zannuwa ɗaya bayan ɗaya, ta zaro ledar. Takardar tana nan fes, tana ƙamshin turaren wuta. Na ce, "Hajiya, kamfanin nan kin riƙa kai masa bayanin shekara?" Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, wane kamfani? Ai ya mutu tun ranar da mutumin Akara ya gudu."

A wurinta ya mutu. A littafin gwamnati yana nan da ransa, kuma kowace shekara ana jiran ya zo ya faɗi abin da ya samu, ko da abin da zai faɗa shi ne bai samu ko fesuwa ɗaya ba. Dokar gudanar da haraji ta 2016, mai lamba 915, ta sa tarar sidi 500 a kan wanda bai kai bayaninsa a kan lokaci ba, da ƙarin sidi 10 a kowace rana har ranar da ya kai. Ku lissafa: bayani ɗaya in ya yi shekara, sidi 4,150 ke nan. Nata guda huɗu ne, kowane yana ƙirga nasa kwanakin. Ga kuma na ofishin magatakardan kamfanoni, wanda shi ma yake jiran nasa bayanin na shekara-shekara. Da na gama yi mata lissafi ta yi shiru, can ta ce, "Haraji a kan ribar da ban ci ba?" Na ce, "Hajiya, wannan kuɗin shiru ne, na rashin zuwa a faɗa."

Wannan magana ta daɗe tana cina. Ranar da na cika mata fom na gaya mata kuɗin shiga. Ban gaya mata kuɗin zama ba, ban gaya mata kuɗin fita ba. Tun daga lokacin ba na taɓa wa kowa fom sai mun fara zama a kan waɗannan biyun.

Mu fahimci rigunan rajista biyu tukuna, entafurais da kamfani. Abin da muke kira entafurais, wanda ake yi a ƙarƙashin dokar sunayen kasuwanci ta 1962, mai lamba 151, suna kawai ka yi wa rajista. Kai ne sana'ar, sana'ar ce kai. Ribarta taka ce, bashinta naka ne, harajinta a kanka ake lissafa shi. Kamfani kuwa, wanda dokar 2019 mai lamba 992 take tafiyar da shi, mutum ne dabam a idon doka. Kai ka haife shi, amma aljihunsa ba naka ba ne. A nan mutanenmu suka fi tuntuɓe. Alhaji zai ciri kuɗi daga asusun kamfani ya sayi ragon suna, ko ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki, ya ce ai kuɗinsa ne. Odita zai tambaye shi: albashi ne, rabon riba ne, ko rance? Kowane daga cikin ukun yana da nasa hukunci a wurin haraji.

Ga lissafi, don mu daina magana a iska. A ce sana'a ta bar ribar sidi 60,000 a shekara. In entafurais ce, ana bin matakan harajin mutum ɗaya, inda kuɗin farko ba a taɓa su, sannan a hau daga kashi 5 cikin 100 zuwa 10, zuwa 17.5, zuwa 25. Bisa matakan da aka fara aiki da su a 2024, harajin zai kama kusan sidi 10,200. In kamfani ne, kashi 25 ake yanka daga sidin farko, wato 15,000. Sauran 45,000 in ka ce za ka kai gida a matsayin rabon riba, a sake cire kashi 8, wato 3,600. Ka biya 18,600, ba ka sallami odita ba, ba ka sallami sakatare ba. Gaskiya ne mai kamfani yana iya yanka wa kansa albashi ya rage wannan nauyi, amma albashin yana zuwa da harajinsa na wata-wata da kuɗin fansho na SSNIT, da wanda zai zauna ya rubuta su.

Kada wani ya fita daga nan ya ce na ce kamfani haramun ne. Akwai inda ya fi komai. Dokar harajin kuɗin shiga ta 2015, mai lamba 896, ta ware wa kamfanin da ke sarrafa amfanin gonar ƙasar nan rangwame gwargwadon inda ya kafa aikinsa, kuma mu 'yan yankin arewa muka fi kowa samun sauƙi: kashi 5 maimakon 25. Masu casar shinkafa, masu man gyaɗa, masu waken suya, masu man kaɗanya, da ku ake. A kan ribar nan ta 60,000, harajin kamfani ya zama 3,000, na rabon riba 4,560, jimla 7,560. Ya faɗo ƙasa da na entafurais. Da cinikin Hajiya ya ɗore, da rigar ta yi mata daidai. Haka nan maganar gado. Entafurais tana bin mai ita kabari, amma kamfani yana nan bayan mai shi, hannun jarinsa ake rabawa, shago bai rufe ba. Duk wanda ya ga yadda kantin da aka yi shekara talatin ana ginawa yake watsewa kafin a yi sadakar arba'in ya san darajar wannan.

Abin da ba na so a ruɗe ku da shi shi ne zancen cewa bashin kamfani ba ya bin mai kamfani gida. A takarda haka ne. Amma banki in zai ba ƙaramin kamfani rance, yawanci sai darakta ya tsaya da kansa, ko ya ajiye takardar gida. Mu kuma a Zango, tun zamanin da fatake ke tasowa daga Kano su zo Salaga sayen goro, da suna ake cin bashi, da suna ake biya. Wa zai iya zuwa masallaci sahu ɗaya da wanda ya ba shi kaya, ya ce masa kamfani ne ya ci, ba ni ba? Kariyar da ake tallata mana, rabinta addininmu da mutuncinmu ba za su bari mu fake da ita ba. Saboda haka kada a saye ta da tsada.

To, wanda ya riga ya shiga yana son fita fa? Babu fom ɗin da za ka cika kamfani ya rikiɗe ya koma entafurais. Hanya ɗaya ce: a rufe wancan bisa ƙa'ida, a buɗe wannan. Rufewar kuwa kamar jana'iza ce, tana da wanka da likkafani da sallah, ba a tsallake ɗaya. Daraktoci za su yi rantsuwa a rubuce cewa kamfanin zai iya biyan duk bashinsa cikin wata 12. Masu hannun jari su zauna su zartar da shawarar rufewa. A naɗa wanda zai tattara dukiya, ya biya masu bin bashi, ya raba saura. A sanar da jama'a don mai haƙƙi ya fito. Kafin wannan duka ya kammala sai an cike kowane bayanin da aka tsallake, a wurin hukumar haraji, wato GRA, da wurin magatakarda. Darakta na biyun da ka sa don cika sharaɗi, ko yana Kumasi ko yana Jamus, ko kun yi shekara uku ba ku gaisa ba, sai ka nemo shi. Na ga rufewar da ta tsaya cak saboda wa da ƙane sun ɓata a kan wata magana da ba ta shafi kasuwa ba.

Sannan dukiya. Injin da ka saya da sunan kamfani, da babur ɗin ɗaukar kaya, da fili, ba za ka ɗauke su ka kai gida haka kawai ba. Doka tana kallon abin kamar kamfani ya sayar maka da su a farashin kasuwa na ranar. Ku kuwa kun san yadda fili ya yi tsada a gefen garin nan. Filin da aka saya da araha aka rubuta da sunan kamfani, ranar mayar da shi sunanka bambancin farashin nan riba ce a idon hukuma, ko da ko sisi bai shiga hannunka ba.

Wani zai ce, to in ƙyale shi mana, ai magatakarda da kansa yana goge sunayen kamfanonin da suka yi barci. Yana gogewa. Amma goge suna ba ya goge abin da ake bin darakta, kuma in wata rana ka buƙaci kamfanin saboda wani fili ko wasu kuɗi da suka maƙale da sunansa, sai ka je kotu kafin a dawo da shi. Ku tuna kuma tun watan Afrilu na 2021 lambar katin ɗan ƙasa ita ce lambar harajin mutum. Katin da ka yi rajistar layin wayarka da shi, ka buɗe asusun banki da shi, shi ne yake manne da sunanka na darakta. Zamanin da fayil ke ɓata a cikin ƙura ya wuce.

Yanzu mu zo kan VAT, harajin da ake ɗorawa a kan kayan da aka saya, domin ita ce maganar da ke bakin kowa a bana. Dattawan da ke nan sun tuna farkonta. A watan Maris na 1995 gwamnatin Rawlings ta kawo ta a kan kashi 17.5. Farashi ya tashi, a watan Mayu mutane suka fito zanga-zangar Kume Preko a Akara, aka rasa rayuka, kafin tsakiyar shekara aka janye ta. A 1998 ta dawo a kan kashi 10, ta zauna. Daga nan aka yi ta ɗora mata kaya: na asusun ilimi, na inshorar lafiya, a 2021 na korona. A 2007 aka fito wa masu sayar da ɗai-ɗai da tsarin kashi 3 na bai-ɗaya, wanda ba a cire VAT ɗin da aka biya wajen sari. A 2017 aka shigar da manyan 'yan sari cikinsa. A farkon 2022 aka fitar da su, aka ce sai mai sayar da ɗai-ɗai wanda cinikinsa na shekara yake tsakanin sidi 200,000 da 500,000. Daga 1 ga Janairu 2026 kuma sabuwar doka ta soke tsarin ɗungurungum, ta soke harajin korona, ta sauko da jimlar abin da ake ɗorawa daga kashi 21.9 zuwa 20, ta ɗaga iyakar rajistar dole ga masu sayar da kaya daga sidi 200,000 zuwa 750,000.

Na jero muku shekarun nan ne don ku ga abu ɗaya. Gwamnati tana sauya ra'ayinta a zama ɗaya na majalisa. Harajin tura kuɗi ta waya ma an kawo shi a 2022, an soke shi a 2025. Ɗan kasuwa kuwa kowane juyi sai ya sake littafin rasit, ya sake farashi, ya sake yi wa abokan ciniki bayani. Duk wanda zai zaɓi matsayi saboda wani rangwame na bana, ya sa a ransa cewa rangwamen yana iya tafiya ya bar shi da matsayin.

Amma juyin bana ya buɗe ƙofa, kuma da yawanku kuna tsaye a bakinta. Ɗauki mai sayar da kayan gyaran babur da keke mai ƙafa uku, wato yalo-yalo, wanda yake saro kaya daga Abossey Okai ko Suame, cinikinsa na shekara sidi 420,000. Bara yana cikin tsarin bai-ɗaya. Bana tsarin babu shi, kuma bai kai 750,000 ba. Ko ya nemi fita daga VAT, ko ya zauna a cikakken tsari na kashi 20. Wanne ya fi? Amsar tana wurin masu saye a hannunsa. A ce ya sari kaya a sidi 100, aka ɗora masa 20, ya biya 120, yana kuma son ribar 15. In yana da rajista, zai sa farashi 115, ya ɗora 23, mai saye ya biya 138. Shi kuma ya cire 20 ɗin da ya biya wajen sari, ya kai wa hukuma 3. In ba shi da rajista, 120 ɗin nan duka uwar kuɗi ce, ya ɗora 15, ya sayar 135. Ɗan yalo-yalon da ya zo sayen birki zai fi son 135, ba ruwansa da rasit. Amma kamfanin da shi ma yake da rajista, wanda zai cire VAT ɗin da ya biya, a wurinsa kayan mai rajista 115 ne, na marar rajista 135. Wanda rabin cinikinsa na 'yan kwangila ne da ma'aikatu da ƙungiyoyin da suka cika garin nan, in ya fita, ya kori manyan abokan cinikinsa da hannunsa. Wanda cinikinsa na masu wucewa ne, zamansa a ciki wahala ce ta bayanin wata-wata ba tare da wata riba ba.

Masu hatsi, ku kwantar da hankalinku a nan: masara da dawa da doya da gyaɗar da aka noma a ƙasar nan, muddin ba a sarrafa su ba, ba sa cikin VAT tun asali.

Wanda ya yanke shawarar fita, roƙona gare shi kada ya yi irin ta Hajiya. Doka ta ɗaga iyaka, amma kada ka ɗauka rajistarka ta soke kanta. Je ka ofishin GRA, ka rubuta, ka karɓi shaidar sun karɓa, ka ci gaba da kai bayanin wata-wata har ranar da takardar sokewa ta shigo hannunka. Daga ranar kuma kada ka ƙara karɓar VAT a hannun kowa, domin karɓarta ba rajista laifi ne. Ka kuma zaɓi lokaci. Ƙa'idar VAT ita ce, kayan da ka riga ka cire harajinsu wajen sari, in suna sito ranar da ka fita, hukuma za ta nemi a mayar mata da abin da aka cire. Fita da sito cike bayan ka yi babban sari ba daidai yake da fita lokacin da kaya suka ja baya ba. Littattafanka kuma ka adana su shekara shida, haka doka ta ce, ko ka fita ko kana ciki.

Wanda ya fita daga VAT, galibi inda za a nuna masa shi ne sauƙaƙƙen tsarin da GRA ta ƙaddamar wa ƙananan 'yan kasuwa a watan Yuli na 2025. Na mutum ɗaya ne, kamfani ba ya shiga. Yadda aka fara shi, mai cinikin da bai wuce sidi 20,000 a shekara ba yana biyan wani abu ƙayyadadde, wanda ya haura haka har zuwa 500,000 yana biyan kashi 3 na ciniki. Kashi 3 yana da daɗin ji. Amma ku lura, na ciniki aka ce, ba na riba ba. Telan da ya yi cinikin 150,000 ya ci ribar 60,000 zai biya 4,500 a maimakon 10,200, ya ci riba. 'Yar'uwata mai hatsi a Aboabo kuwa, wadda take juya buhuna na sidi 400,000 a shekara amma abin da ke saura mata 20,000 ne bayan kuɗin mota da 'yan dako da abin da ƙwari suka ci, kashi 3 nata 12,000 ne. Fiye da rabin guminta. Da a kan ribarta aka lissafa, da bai wuce kusan 2,200 ba. Tsarin yana da reshen da ake cire kuɗin da aka kashe a lissafa a kan riba, amma ba ya karɓar "wallahi na kashe". Sai da rubutu. Littafin makaranta na 'yan sidi kaɗan, da yaro ko yarinyar da za ta zauna bayan magariba ta rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, shi ne tsakanin 12,000 da 2,200. Kakanninmu sun biya harajin lampo tun 1936 ba tare da an tambaye su littafi ba, domin kai ake ƙirgawa. Yanzu ciniki ake ƙirgawa, wanda bai rubuta nasa ba wani zai ƙiyasta masa.

Da yake wasu gidaje a nan suna da ɗa ko ƙane a Bronx, bari in taɓa Amurka kaɗan, don su ma suna bugo waya da irin wannan tambaya. A can mai ƙaramin kamfani irin wanda suke kira LLC yana iya zaɓar yadda hukumar IRS za ta ɗauke shi wajen haraji, ta fom mai lamba 8832. In ya sauya matsayi, a ƙa'ida sai ya jira wata 60 kafin ya sake sauyawa. Akwai kuma matsayin da suke kira S, wanda riba take wucewa kai tsaye zuwa kan masu kamfani. Janye shi yana buƙatar yardar masu fiye da rabin hannun jari, kuma wanda ya janye ba ya komawa sai bayan shekara 5, in ba hukuma ta yi masa izini ba. Ga wadda ta shafe mu: baƙon da ba mazaunin Amurka ba ba ya riƙe hannun jari a irin wannan kamfani. Yaro ya ga ya samu, ya ce bari ya girmama mahaifinsa da ke Tamale ya rubuta masa kashi 10. Da wannan alherin ya rushe matsayin kamfaninsa. Ku gaya musu su tambaya kafin su yi.

Ina da magana da hukuma ita ma, tunda na ga wakilanta a zaune, kuma na gode da zuwansu. An yi ƙoƙari wajen sauƙaƙa shiga. Ana yawo kasuwa-kasuwa ana kiran mutane su yi rajista. Ina roƙon a yi rabin wannan ƙoƙari wajen fita. Kamfanin da ba shi da bashi, ba shi da dukiya, bai yi ciniki ba shekara da shekaru, me zai hana a yi masa gajeriyar hanya mai araha, fom ɗaya da rantsuwa ɗaya? Maƙwabtanmu a Najeriya, dokar kamfanoninsu ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani da darakta ɗaya, ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni dolen naɗa odita, kuma dokar kuɗinsu ta 2019 ta yafe harajin riba ga kamfanin da cinikinsa bai wuce naira miliyan 25 ba. Ɗan kasuwar Kano da na Tamale jikokin ayari ɗaya ne, abin da ya yiwu a can zai yiwu a nan. Sannan a yi bayanin da Dagbanci da Hausa, a rediyo, da bakin da magajiya za ta ji ta kai wa matan rumfarta. Ranar da za a miƙa wa mutum satifiket, a haɗa masa da takarda guda mai faɗin abin da ake jira daga gare shi kowace shekara, da abin da zai yi in ya daina.

Na san kuna son jin yadda ta ƙare da Hajiya. Allah ya taimake ta, abin ya faɗo a 2021, shekarar da majalisa ta yi dokar yafe tara da kuɗin ruwa ga wanda ya zo da kansa ya cike bayanansa ya biya asalin abin da ake binsa. Muka zauna ni da odita muka haɗa lissafin shekarun nan ɗaya bayan ɗaya. Ɗanta yana Takoradi a lokacin, sau biyu yana hawa motar dare ya zo ya sa hannu ya koma. Tallafin injin ya wuce ta, domin kafin takardunta su kammala an rufe karɓa. Rufe kamfanin ya ci fiye da shekara, ya kuma ci kuɗin da ya ninka na buɗe shi. Yanzu entafurais take da ita, da sunan jikarta, tana sabunta ta kowace shekara. Jikar ce take riƙe littafin, tana aji biyu a babbar sakandare, kuma ranar Juma'a bayan la'asar take kawo mini shi in duba.